Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ran 20 ga watan Janairu, 2023, tun gari bai waye ba a ƙasar Amurka, dubban ma'aikatan kamfanin Google suka sami wasiƙa ta intanet ana sanar da su cewa aikinsu ya ƙare. Waɗansu da ba su duba wasiƙa ba kafin su fito daga gida, sai da suka iso bakin ƙofar ofis, katin da suka saba buɗe ƙofa da shi ya ƙi ci, sa'an nan suka gane abin da ake ciki. Jimlar waɗanda kamfanin ya ce zai sallama mutum 12,000 ne, watau wajen mutum 6 cikin kowane 100 na ma'aikatansa. Shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya rubuta musu cewa shi ne ya ɗauki alhakin shawarwarin da suka kawo su ga wannan hali.

Ba a yi wata huɗu ba sai takardun kamfanin suka fito, aka ga ladan wannan shugaba na shekarar 2022 ya kai wajen dala miliyan 226, yawancinsa hannun jari ne da akan ba shi shekara uku uku. A cikin wannan wata na Afrilu kuma kamfanin ya sanar da cewa ya ware dala biliyan 70 domin sayen hannun jarinsa daga kasuwa. Biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ne. Ribar da kamfanin ya ci a 2022, shekarar da ake kuka da ita, ta kusa dala biliyan 60.

To, a nan ne maganar take. Wanda duk ya ce ya ɗauki alhaki, ya kamata a ga nauyin a kansa, a ga wuyansa ya ɗan lanƙwasa. In kuwa kaya suna bisa kan wani, shi ko yana tafe yana kaɗa hannu, to, alhakin nan a baki ya tsaya. Shugaban da ya cancanci sunan shugaba, idan kasuwa ta faɗi, daga kansa yake fara ragi, sallamar ma'aikata kuwa ita ce ƙofar da yake buɗewa a ƙarshe, bayan ya gwada sauran duka. Manyan kamfanonin fasaha na Amurka a 2022 da 2023 sun juya wannan tsari, suka fara da abin da ya kamata su ƙare da shi.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar mutanen nesa ce. Kowa ke da wayar hannu yana hulɗa da kamfanonin nan safe da yamma. Facebook da WhatsApp na kamfanin Meta ne, YouTube na Google ne. Shugabanninsu ne ake buga hotunansu a jaridu, ana koya wa samari labarinsu, ana cewa ga gwanayen shugabanci. Saboda haka ya wajaba a auna su, a ga ko sun isa a yi koyi da su.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2020 annobar korona ta tsare mutane a gida. Ciniki da karatu da taro da hira duk suka koma kan kwamfuta da waya, kuɗi suka yi ta kwarara cikin kamfanonin fasaha kamar ruwan Agusta. Babban bankin Amurka kuma ya sauke kuɗin ruwa har ya kusa zama babu, bashi ya yi arha. Shugabannin nan suka ɗauka damina ce wadda ba ta da rani, suka shiga ɗibar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Meta tana da ma'aikata wajen 45,000 a ƙarshen 2019, kafin ƙarshen Satumba, 2022, sun wuce 87,000. Uwar kamfanin Google, watau Alphabet, ta tashi daga wajen 119,000 zuwa 190,000 cikin shekara uku.

Ashe kallon kitse suka yi wa rogo. Annoba ta lafa, mutane suka fito suka koma kantuna da ofisoshi. Kaya suka yi tsada a Amurka, har a watan Yuni, 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100, abin da ba a gani ba tun shekara 40. Domin a tare wannan, daga watan Maris, 2022, babban banki ya shiga ɗaga kuɗin ruwa, har ya wuce kashi 5 cikin 100 a 2023. Masu ba da talla suka tsuke bakin aljihu, talla kuwa ita ce gonar da Meta da Google ke ci. Farashin hannun jari ya faɗi, masu jari suka fara gunaguni.

Daga nan sai wuƙa ta fito. A farkon Nuwamba, 2022, Elon Musk, wanda bai daɗe da sayen Twitter a kan dala biliyan 44 ba, ya sallami wajen rabin ma'aikatansa 7,500. Ran 9 ga watan nan Mark Zuckerberg na Meta ya sallami fiye da 11,000, ya amsa da bakinsa cewa lissafinsa ne ya kuskure, a watan Maris kuma ya sanar da ƙarin 10,000. Amazon ta ce za ta rage 18,000, daga baya ta ƙara 9,000. Microsoft ta rage 10,000. Kamar ana buga musu ganga ɗaya. Wani shehun malami na jami'ar Stanford, Jeffrey Pfeffer, wanda ya daɗe yana nazarin sha'anin ma'aikata, ya ce yawancin abin nan kwaikwayo ne, kowane kamfani ya ga maƙwabcinsa ya yi, shi ma ya yi.

Sai a tambaya, wa ya yi kuskuren? Ma'aikacin da aka ɗauka a 2021 bai ɗauki kansa ba. Kiransa aka yi, aka yi masa alkawari, wani ma ya bar aikin da yake yi mai kyau, ya kwashe iyalinsa ya ƙaura zuwa wani gari. Lissafin da ya karye, a ɗakin manya aka yi shi. A zamanin fatake, sa'ad da ayari ke tafiya Gwanja sayen goro, madugu ne ke zaɓen hanya, shi ke faɗin inda za a yada zango, don haka ake ba shi girma da rabo na musamman. Amma da madugu zai kai ayari jejin da babu ruwa, sa'an nan ya ce a bar masu jakuna a nan domin guzuri ya ishi saura, shi kuwa ya hau dokinsa da salkarsa cike, ba wanda zai sake binsa ko nan da ƙofar gari. Girman da ake ba shugaba ranar daɗi bashi ne, ranar wuya ake biya.

Waɗanda suka biya bashin nan kuwa ba su ne suka ci ba. Da yawa cikin injiniyoyin da aka sallama baƙi ne, yawancinsu mutanen Indiya, waɗanda takardar zamansu a Amurka take ɗaure da aikinsu. Doka ta ba su kwana 60 kawai su sami wani aiki, in ba haka ba su tattara 'ya'yansu daga makaranta su bar ƙasar. A Ankara ta ƙasar Gana, Twitter ta buɗe ofishinta tilo na Afirka, kwana kaɗan da buɗewa, a Nuwamba, 2022, aka sallami kusan dukan ma'aikatan wurin, mutanen da ba su kai 20 ba, suka yi fiye da shekara guda suna bin haƙƙinsu kafin a biya su. A garin Dabos na ƙasar Suwizalan kuwa, inda attajirai da masu mulki ke taro kowace shekara, jaridar Wall Street Journal ta ba da labari cewa daren da gobe Microsoft za ta sanar da sallamar mutum 10,000, kamfanin ya shirya wa manyan baƙinsa da waɗansu shugabanninsa biki, wani shahararren mawaƙin Ingila ya yi musu wasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare shugabannin nan sukan ce babu wata hanya sai wannan. Tarihin sana'ar tasu da kansa ya ƙaryata su, ga misali uku.

Na farko, Konosuke Matsushita, mutumin Japan. Yana da shekara 9 talauci ya fitar da shi daga makaranta, aka kai shi birnin Osaka koyon sana'a. A 1918 ya kafa ɗan ƙaramin kamfani na kayan lantarki, shi da matarsa da ƙanenta, kamfanin da yau ake kira Panasonic. A ƙarshen 1929, sa'ad da karayar arziki ta game duniya, cinikinsa ya faɗi, ɗakunan ajiya suka cika da kayan da ba mai saye. Yana kwance ba shi da lafiya, mataimakansa suka zo da shawarar a sallami rabin ma'aikata. Ya ƙi. Ya ce a rage aikin masana'anta zuwa rabin yini, a biya kowa albashinsa cikakke, amma a bar hutu, kowa ya fita ya taya sayar da kayan da suka taru. Ma'aikatan da suka kwana da tsoron kora suka wayi gari da aikinsu, suka bazu cikin gari da ƙarfinsu duka. Cikin wajen wata biyu ɗakunan ajiya suka zama wayam, masana'anta ta koma aikin yini cur. Mutumin da bai gama makarantar elementare ba ya gane abin da ya gagari masu digiri.

Na biyu, kamfanin Hewlett-Packard, wanda aka fara a wata rumfar ajiye mota a Kalifoniya a 1939, a yankin nan da Google da Meta suke zaune yau. A 1970 tattalin arzikin Amurka ya ja baya, masu sayen kayansu suka ragu. Lissafi ya nuna aikin da ke akwai ya kasa ma'aikata da wajen kashi 10 cikin 100. Maimakon a kori mutum ɗaya cikin goma, sai Bill Hewlett ya tsara cewa kowace Jumma'a ta biyu a rufe, ba aiki ba lada, albashin kowa ya ragu da kashi 10, tun daga shi kansa har ma'aikacin da ke ƙasa. Bayan wajen wata shida kasuwa ta farfaɗo, aka koma yadda ake, ga ƙwararrun ma'aikatansu duka a hannu, ba sai an fita neman sababbi ana koya musu ba.

Na uku, Satoru Iwata, shugaban kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, masu ƙera na'urorin wasa. A 2011 sabuwar na'urarsu mai suna 3DS ta ƙi sayuwa, aka karya farashinta daga yen 25,000 zuwa 15,000. Iwata ya tsaya gaban masu jari ya ce laifinsa ne, ya yanke rabin albashinsa, sauran manyan daraktoci aka rage musu kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A 2013 aka matsa masa da maganar rage ma'aikata, ya amsa da cewa kora za ta gyara lissafin ɗan lokaci, amma mutumin da ke aiki cikin fargabar kora ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. A 2014 da wata na'urar, Wii U, ta sake faɗuwa, ya sake raba albashinsa biyu. Gaskiya ne a wannan shekara an rage ma'aikata a reshen kamfanin na Jamus, amma wuƙar ta fara bi ta kansa har sau biyu, kuma masu ƙirƙira na gida suna nan daram. Iwata ya rasu a 2015. A 2017 mutanen nan da ya riƙe suka fito da na'urar Switch, aka sayar da fiye da miliyan 100.

Duk da haka akwai hujjoji huɗu da akan kawo, kuma adalci ne a saurare su.

Ta farko, wai kamfani ba gidan sadaka ba ne, dukiyar masu jari ce, in ba a rage kashewa ba duka a nutse. Wannan magana tana da ƙarfi ga kamfanin da ke bakin mutuwa, kamar ɗaruruwan ƙananan kamfanonin intanet da suka rushe a 2000 da 2001. Amma Meta ta ci ribar dala biliyan 23 a 2022, Microsoft ta ci fiye da biliyan 72 a shekarar lissafinta ta 2022. Cikin Alphabet da Meta da Microsoft da Amazon, Amazon ce kaɗai ta rufe shekarar da hasara. Saura ba yunwa ce ta kama su ba, tuwon ne bai kai tudun na bara ba.

Ta biyu, wai an biya waɗanda aka sallama da kyau. Haka ne, Google da Meta sun ba ma'aikatansu na Amurka albashin mako 16, da ƙarin mako biyu a kan kowace shekarar da mutum ya yi yana aiki. Wannan ya fi abin da leburan masaƙa ke samu nesa ba kusa ba. Amma kuɗin sallama ba ya tsawaita kwana 60 na baƙo, ba ya kuma amsa tambayar da aka yi tun farko, watau me ya sa wanda ya yi kuskure ya zauna lafiya, wanda bai yi ba ya tafi.

Ta uku, wai ko shugaba ya bar albashinsa duka ba zai biya mutum dubu goma ba, Zuckerberg ma dala ɗaya tak yake karɓa a shekara da sunan albashi. Lissafin daidai ne, amma a inda bai dace ba aka ɗora shi. Arzikin manyan nan yana cikin hannun jari ne. Idan kamfani ya sayi hannun jarinsa daga kasuwa, waɗanda suka rage a hannun mutane sukan yi daraja, mai riƙe da su da yawa shi ke da riba. Dala biliyan 70 ɗin nan na Alphabet, in aka raba su ga mutum 12,000, kowa zai tashi da kusan miliyan 6. Meta ma a watan Fabrairu, 2023, tsakanin kora ta farko da ta biyu, ta ƙara ware biliyan 40 domin irin wannan saye. Ashe ba kuɗi ne babu ba, zaɓen inda za su tafi aka yi. Bugu da ƙari, ragin albashin shugaba amfaninsa ba a cikin yawan kuɗin yake ba. Shi ne shaidar da ke sa na ƙasa su yarda cewa wahalar ta gaske ce, su ɗaura ɗamara. Tim Cook na kamfanin Apple ya nemi a rage ladan da aka tsara masa na 2023 da kashi 40 cikin 100, kuma da yake kamfaninsa bai yi haɗamar ɗibar mutane lokacin annoba ba, bai shiga sahun masu korar dubbai a wannan lokaci ba. Eric Yuan na kamfanin Zoom ya sallami mutum 1,300 a Fabrairu, 2023, amma ya yanke kashi 98 cikin 100 na albashinsa. Ba a ce sun zama waliyyai ba, amma dai an ga alamar kaya a kansu.

Ta huɗu ita ce wadda suka fi taƙama da ita, wai kasuwa ta gaskata su, domin hannun jarin Meta ya kusa ninkawa uku a 2023. To, wannan ya nuna wanda ya amfana, bai nuna an yi daidai ba. Kasuwar hannun jari tana auna abin da ke shiga takardar lissafi ta wata uku. Ba ta auna sanin aiki da ya fita ƙofa tare da tsohon ma'aikaci, ba ta auna zuciyar wanda ya rage yana kallon kujerar abokinsa wayam, yana tunanin ko gobe shi ne. Kuma abin bai daɗe ba ya nuna kansa. Kamfanin Salesforce ya sanar da sallamar wajen mutum 8,000 a Janairu, 2023, a watan Satumba na shekarar nan kuma ya ce zai ɗauki 3,300, har yana kiran tsofaffin ma'aikatansa su komo. Wanda ya kori mutum da rani ya bi shi da roƙo da kaka, ai ba a kira shi mai hangen nesa.

Ba a ce kada a taɓa sallamar ma'aikaci ba har abada. Akwai ranar da dole a yanke reshe domin itace ya rayu. Abin da ake faɗa shi ne akwai tsari, kuma tsarin ba boyayye ba ne. Shugaba ya fara faɗa wa mutanensa gaskiyar lissafi tun da wuri, kada su ji a bakin jarida. Ya rage nasa da na manyan da ke kewaye da shi, ya dakatar da biki da tafiye-tafiyen alfarma. Ya dubi ayyukan da yake ƙauna masu cin kuɗi ba riba, kamar sashen Meta na ƙera duniyar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, wanda ya yi hasarar dala biliyan 13.7 a 2022 kaɗai. Ya tsai da ɗaukar sababbi, ya juya waɗanda ke akwai zuwa inda ake bukatarsu. In bai isa ba, a raba ƙarancin a kan kowa, yadda Hewlett ya yi. In duk wannan ya kasa, to, sai a yi sallama, sau ɗaya, da cikakken haƙƙi, kuma mutum ya dubi idon mutum ya faɗa masa. Kada a yi irin ta shugaban kamfanin Better.com, wanda a Disamba, 2021, ya tara mutum 900 a taron bidiyo ya kore su cikin 'yan mintoci, ana gab da bikin Kirsimeti.

Wannan ma'auni bai tsaya ga masu biliyoyi ba. Mai shagon ɗinki da yaransa biyar, da mai injin niƙa, da mai motocin haya, kowannensu wata rana kasuwa za ta juya masa baya, ya zauna da dare yana lissafin wanda zai rage. Yaransa kuwa suna kallonsa, sun san ko an rage nama a tukunyar gidansa ko ba a rage ba. Abin da ya yi a wannan wata shi za su riƙe, su ba waɗansu labari, ko sun zauna ko sun tafi. Babba juji ne, an san da haka tun kafin a ƙera kwamfuta. Wanda ya karɓi rabon madugu ranar da ayari ya iso kasuwa da riba, shi ya kamata ya fara sauka daga doki ranar da ruwa ya ƙare a hanya.